Yadda Ake Cin Kofin Zamiya a Kan Ƙanƙara Bayan Furfura Ta Fito

Kai da furfura ta cinye gemunka amma ka ce sai ka shiga gasar zamiya a kan ƙanƙara, bi matakan nan, kofi naka ne babu makawa. Darasinka Mukhtaru na unguwar Jarwal a Makka, wanda matarsa Sa'adiya ta rantse in ya dawo babu kofi, takalman nan masu wuƙa a ƙasa sai haraj, kasuwar gwanjon da ke ci ranar Juma'a.

1. Nemo ƙanƙarar

Kada ka tsaya kallon ta firjin gidanka, hau mota sai mol, katafaren kantin nan mai filin ƙanƙara a Jidda. In abokan sahu suka tambaye ka, ban da ƙarya, haramun ce. Ka ce za ka a duba maka ƙashi. Za a duba kuwa.

2. Cire jallabiya

Mukhtaru da ita ya shiga ranar farko. Abin da jama'a suka gani, ba zan rubuta ba. Sa wando mai kauri. Matsattsen kayan nan mai ƙyalƙyali kuma, ka ji tsoron Allah.

3. Zaɓi gasar da ta dace da kai

Akwai ta tsalle da juyi, ba taka ba ce. Akwai ta mutum biyu, miji ya ɗaga mata sama. Mukhtaru ya kawo zancen, Sa'adiya ta ce, "Ya Abu Manal, kai da tukunyar gas ma sai an kama maka?"

Saura ta manya, wadda ake rabawa da shekaru. Rukunin 'yan hamsin zuwa sama babu kowa. Ka tsaya da ƙafafunka kawai, ka ci.

4. Tambayi da wace kalanda ake ƙirga

Nan Mukhtaru ya faɗi tun bai hau ba. Rakan, mai karɓar sunaye, ya kira shi baffa da Larabci, ya ce, "Shekarunka nawa, ya ammi?"

"Hamsin cif, tun Rajab."

"Da hijiriyya kenan. Mu miladiyya muke bi. Da saura."

"Hajji hamsin aka yi a gabana!"

"Ma'alesh, sai haƙuri, ya ammi. Ƙanƙara ba ta san Rajab ba."

Aka cusa shi cikin 'yan arba'in masu sauran gwiwa. Ya zagaya filin riƙe da ƙarfen gefe yana salati, ya zo na ƙarshe. Kofin dattawa aka mayar kwali.

5. Shiga gida da ladabi

Mukhtaru ya yi bayanin kalandar tun daga bakin ƙofa, ya ce, "Ki bar min takalman zuwa Rajab biyu masu zuwa, haram alaiki, ki tausaya."

Sa'adiya ta miƙa hannu. "Ko hijiriyya ko miladiyya, Juma'a ɗaya ce. Kawo su."

Gargaɗi: wanda ya karye, ya goce, ko ya ga takalmansa a shimfiɗe a haraj ana taya su, kada ya ambaci sunana. Ni na ce ka ci kofi. Ban ce yaushe ba.