Ranar da Na Kamo Taurari a Rediyo

Shekarar da aka yi fari ina mushen lakwal, wato malamin makaranta, a Hawandawaki, kuma ni kaɗai ke da rediyo a unguwarmu. Kullum bayan la'asar dattawa kan taru ƙofar gidana su ji ko dawar taimako ta taso.

Sai na karanta a wata mujallar Faransanci cewa cikin shuuu ɗin nan da ake ji tsakanin tashoshi akwai amon farkon duniya, har taurarin farko sun bar sawunsu a ciki. Ai kuwa kaina ya kumbura! Ana shirin fara labaru na murɗe tasha, na ce kowa ya yi tsit.

Muka yi ta sauraren shuuu, ina gyaɗa kai kamar mai fahimta. Can mai unguwa ya ce, "Mushe, tambaye su yaushe za a yi ruwa."

Kafin magariba pil, wato batirin rediyon, ya mutu.

Sai ranar kasuwa wata mai nono ta shaida mana sojoji sun karɓi mulki tun rannan, dawar kuma ta iso Tasawa, babban garin yankinmu, har an gama rabo.

Har yau in na gitta sai in ji, "Mushe mai labarin farkon duniya, na jiya fa?"