Ina Kirari, Ƙwallo Na Wucewa

Ba zan taɓa mantawa ba da yammacin da na tsinka kaina a Aliero, kuma ba komai ya ja mini ba sai hassadar Bashiru, ɗan ƙanen babana.

Wani malamin jami'a, Malam Sanusi, ya dawo daga Amurka da ƙwallo mai siffar gwanda da hulunan kwano. Ya ce zai haɗa ƙungiyar ƙwallon Amurkawa, irin wadda ake runguma a sheƙa da ita, ya kai yaransa gwaji Abuja. Gurbi ɗaya ya rage a sahun gaba na masu tsaro, kuma mu biyu ke nema, ni da Bashiru.

Ni fa ɗan kokawa ne. Daga Maiyama har Gehuru, an san bayana bai taɓa ƙasa ba (to, sau biyu, amma filin ne ke da santsi). Bashiru kuwa lodin buhunan albasa yake yi a kasuwa, ko akuya bai taɓa kayarwa ba.

Malam ya yi mana bayani. Mutum huɗu ke durƙusawa a sahun gaba. Biyun gefe su zagaya su cafke mai jefa ƙwallo. Biyun tsakiya, inda muke nema, kowa da ƙofar da zai toshe. Ka riƙe ƙartin da ke gabanka, kada mai gudu ya sami hanya, na bayanka su kama shi. Ya ce, "Aikinku ba a tafa mishi. Ku dai ku tsaya wurinku."

Ban ji daɗin wannan magana ba. Abin da ya fi ƙona mini rai, kullum a wurin atisaye Bashiru ake yabo. "Ku dubi wanga! Mutum biyu sunka taru kanshi, bai gusa ba!" Ni in ɗaga ƙato sama, ko kallo ban samu ba. Shi ya tsaya kamar turmi, ya zama gwani. Har gaisuwarsa na daina amsawa da kyau, alhali bawan Allah bai yi mini komai ba.

Ranar zaɓe na ɗauko makaɗina na kokawa a kabu-kabu tun daga Maiyama (kar ku tambaye ni dalili). Fili ya cika da ɗalibai da 'yan kasuwar albasa. Aka jera ni da Bashiru a tsakiya, Malam na riƙe da takarda.

Ana sakin ƙwallo na cafki ƙugun ƙaton da ke gabana, na ja shi gefe, na sa masa ƙafa, na maka shi da ƙasa. Kaye mai kyau, wallahi, har yau ina alfahari da shi. Makaɗi ya saki ganga. Jikina ya ɗauka. Na tuɓe hular kwano, na ruga gaban 'yan kallo, na ɗaga hannuwa sama.

"Sai ni na Maiyama! Sai ni ƙaton da ba a ja da shi!"

Na ji fili ya kaure da ihu, na ƙara buɗe murya. Sai da na waiwaya na gane ba ni ake wa ihun ba. Mai gudu ya bi ta ƙofar da na bari wangale, ya kai ƙwallo har ƙarshen fili, yana can yana rawa. Bashiru kuwa yana inda aka ajiye shi, mutum biyu na turarsa.

Malam ya tako ya ce, "Kai, mi kaka yi? Ina ƙwallo?"

Bashiru ya nuna sawun ƙafata a ƙasa, cikin ladabi ya ce, "Yaya, ta nan ta bi."

Dariyar da aka yi har masu shayi na bakin titi sun ji ta. Aka kira sunan Bashiru. Makaɗin da na ɗauko da kaina ya gyara ganga, ya koma bayansa yana zuba masa kirarina.

Tun daga ranar, kafin in ɗaga hannu in yabi kaina, sai na waiwaya na ga me ya wuce ta inda aka ce in tsare. Bashiru ya turo mini hotunansa daga Abuja. Na buɗe su ɗaya bayan ɗaya, na zuƙo, na duba da kyau. Har can ma tsayuwa kawai yake yi.