Dutsen Bakin Kamfani

Ba zan taɓa mantawa da wani dutse ba, kuma da ana mayar da abin da ya wuce, da shi zan fara mayarwa inda na same shi. Na yi wauta iri-iri a rayuwata, amma wannan ce har yau idan ta faɗo mini ina cin tuwo, sai in ajiye lomar.

Lokacin muna jihar Sakkwato ne, ba a kai ga yanko mana Kebbi ba. Ni tela ne a Yelwan Yauri, ina da kekena ɗaya da rumfata a bakin kasuwa. Matata Hadiza basakkwaciya ce, ta tafi gidansu goyon ciki, Allah ya sauke ta lafiya muka sami ɗa namiji. An gama wankan jego, ina ta share ɗaki ina jiran dawowarta, sai saƙo ya zo cewa mahaifinta Alhaji ya ce ba inda za ta. Wai an ba shi labarin Yauri duk ruwa ne, dorina na yawo a bayan gidaje, yara kuma sai dai a ɗaure su da igiya. Ya ce zai zo da kansa ya gani. In ya ga abin da aka faɗa masa gaskiya ne, to ko in kwashe kekena in koma Sakkwato, ko in riƙa ganin ɗana daga Salla sai Salla.

Ya zo ranar wata Alhamis. Mutum ne gajere mai jiki, ba ya dariya sai da dalili mai ƙarfi. Ni kuwa kun san tsakanin mutum da surukinsa. Tunda na auri 'yarsa ban taɓa haɗa ido da shi ba, ban taɓa cin abinci a gabansa ba, maganata da shi ba ta wuce gaisuwa ina tsugune. Saboda haka na roƙi abokina Garba mai hoto ya zama bakina, don shi Garba ko da gawa aka haɗa shi sai ya sa ta amsa.

Garba ne ya kawo shawarar mu kai shi Bakin Kamfani ranar Juma'a da la'asar. Wurin tsohuwar ma'aikatar ƙera jiragen ruwa ce a bakin tafki da aka rufe, sai rumfunan kwano masu tsatsa da tarin ƙarafa. Amma mutanen gari sun mayar da shi wurin shan iska. Masu shayi sun kafa tebura, mata na suyar kifi, dattawa na dara a ƙarƙashin rumfa, samari na yawo da rediyo a kafaɗa, masunta na gyaran koma a gefe, mai son a zaga da shi kan ruwa kuma ga kwale-kwale. Garba ya ce, “In Alhaji ya ga wannan, zai san mu ma mun waye.”

Da farko abin ya yi kyau. An kawo masa soyayyen kifi, ragon ruwa, ya ci (ni na juya baya ina kallon wata bishiya har ya gama). Ya dubi ruwan daga nesa ya ce, “Wanga duka ruwa na? Ina ƙarshenai?” Garba ya ce, “Alhaji ai ruwan nan ladabi gare shi, ba ya zuwa wurin kowa sai wanda ya je wurinsa.”

To, a tsakiyar filin akwai layin dogo guda biyu da suka gangara daga tudu har cikin ruwa. A samansu akwai wani ƙaton amalanken ƙarfe mai faɗi kamar gado, wanda a da ake ɗora sabon jirgi a kai a tura shi ruwa. Tunda na san wurin a nan yake tsaye, har yara na barci a kansa. Garba ya ce babu wurin hoto kamar nan: Alhaji ya hau ya zauna, ya ba ruwa baya, a ɗauke shi tafki ya fito a bayansa, ya kai Sakkwato a gani.

Na shimfiɗa darduma a kai. Sai dai amalanken ya yi wa Alhaji tsawo. Ya ɗaga ƙafa ya kasa, ya sake ya kasa. Ni kuma ba dama in kama surukina in cicciɓa kamar buhun gero. Na waiga ina neman abin takawa, sai ga wani dutse madaidaici a manne da ƙafar amalanken, kamar don ni aka ajiye shi. Na durƙusa na ja, ya ƙi. Na girgiza shi, na sa wani guntun ƙarfe na ɓanɓare, sai da na yi gumi sharkaf kafin ya fito. (Wannan gardamar kaɗai ta isa mai hankali ya tambayi kansa ko dutsen yana bakin aiki ne. Ni kuwa daɗi na ji, na ga Alhaji ya shaida ƙarfina.)

Ya taka ya hau, ya cire takalmansa ya miƙo mini, ya tanƙwashe ƙafafu, ya gyara hula da babbar riga, ya ɗaure fuska irin ta hoto. Garba ya kafa na'urarsa mai ƙafa uku ya cusa kansa cikin baƙin ƙyalle. Ni kuma na tsuguna a gefe, kaina a ƙasa kamar yadda ladabi ya tanada.

Da yake idona a ƙasa yake, ni kaɗai na ga ƙafar amalanken ta motsa. Ta yi wata 'yar ƙara, ƙiii, tsatsa ta zubo. Ta sake juyawa.

Jama'a, a nan ne ya kamata in miƙe in ƙwala ihu in ce, “Diro!” Amma ta yaya zan yi wa uban matata tsawa? Ta yaya zan ba shi umarni kamar yaron shagona? Sai na gyara murya na ce, “Baba, Allah ya ƙara lafiya.”

Ya ce, “Amin,” bai ko dube ni ba.

Amalanke ya ɗan ƙara gaba. Na bi shi a tsugune, ina tafiyar agwagwa da takalma a hannu, don bai kamata in tsaya a kan babba yana zaune ba. Na ce, “Baba, da ma cewa na yi, in babu takura, ko za a ɗan sauko.”

Ya ce, “A sauko mi? Ai ba a ɗauka ba tukuna.”

Sai muryar Garba ta fito daga cikin ƙyalle: “Alhaji a daina matsawa baya mana, sai ƙanƙancewa kake yi!”

Alhaji ya ce, “Ni ban matsa ba, ku dai na ga kuna tahiya. Wai ina za ku?”

Kafin in haɗa wata jimlar mai ladabi, gangara ta karɓi abinta. Amalanke ya kwasa da gudu yana kururuwa, kaji suka watse, wata mai suya ta saki matsami ta ɗora hannu a ka. Alhaji kuwa yana zaune daram da fuskarsa ta hoto, babbar riga ta cika da iska, yana tafiya da baya kamar wanda aka yi wa kiran gaggawa. Sai ji muka yi fanjam!

Allah ya taimake ni lokaci ne da ruwa ya ja baya, amalanken ya cije a laka, ruwan ya tsaya masa a wuya. Kansa kawai ake gani yana salati, hularsa kuma ta bi ruwa ta kama hanyar Ngaski. Kafin in ƙifta ido masunta sun yi tsalle sun faɗa, 'yan dara sun bi su da rigunansu, har wani tsoho da na san da sanda yake tafiya na gan shi a ruwa. Suka ɗauko Alhaji cak suka dire shi a tudu. Wani ya bi hula da kwale-kwale ya kamo. Ni fa? Ina bakin ruwa a tsugune da takalma. (Haifaffen Yauri ne ni, amma ban iya iyo ba. Wannan ma ban taɓa gaya wa Hadiza ba sai ranar da labari ya kai mata.)

Mata suka ba shi zane ya ɗaura, mai shayi ya haɗo masa mai zafi, aka shanya rigarsa a kan wani tsohon inji. Ana cikin yi masa sannu sai babban masuntan ya hau tudu ya duba layin dogon, ya juyo ya ɗaga murya yadda har na tsallake zai ji: “Wane marar aikin yi ne ya cire dutsen nan? Tun zamanin kamfani yake riƙe da abin nan!”

Ba wanda ya nuna ni. Ba a ma bukata, don gaban rigata duk jar ƙasa ce da tsatsa, ga guntun ƙarfen da na yi aikin da shi a kusa da ƙafata. Garba, abokin arziki, ya sake mayar da kansa cikin ƙyalle.

A ranar na fara haɗa ido da surukina. Ya daɗe yana kallona, ruwa na ɗiga daga gemunsa, yana sanye da zanen wata mai kifi mai hoton tsuntsaye. Sannan ya ce, “Kai, da kag ga abin na tahiya, mi ya hana ka yi kuwwa?”

Na ce, “Kunya, Baba.”

Ya ce, “Kunya.” Ya kurɓi shayi. “Da na mutu, sai ka tsuguna ka yi man sai da sahe.”

Mutane suka fashe da dariya, har da masu yi mini kara. Na so ƙasa ta tsage. Na riga na fara tunanin yadda zan ɗaure kekena a mota zuwa Sakkwato, sai na ji ya ce wa babban masuntan, “Garin da mutum bai gama hwaɗawa ruwa ba anka tsamo shi, ɗiyata ba ta halaka cikinai. Za ta dawo. Amma ku na ba amana, ba wanga ba.” Ya nuna ni da kofin shayi. “Kuma kada ya kuskura ya kai man jika shan iska.”

Hadiza ta dawo bayan mako, tana shiga gida ta dube ni ta kama dariya har sai da ta zauna a ƙasa da goyo. Alhaji kuwa har ya bar duniya bai sake zama a kan abin da ni na shimfiɗa ba sai ya leƙa ƙarƙashinsa.

Don haka ina roƙonku, 'ya'yana da jikokina masu karanta wannan, kada ku yi irin tawa. Ladabi abu ne mai kyau, ban ce ku bari ba. Amma in kun ga babba zai faɗa ruwa, ku daka masa tsawa iya ƙarfinku ya diro. Haƙuri kwa ba shi daga baya, yana bushe.