Nomau da Dutsen Wasa Aska

A ƙauyen Gidan Baure akwai wani wanzami, Korau, da ƙanensa Nomau, ƙato mai gemu wanda duk abin da aka gaya masa haka zai yi, ba ragi ba ƙari. Dutsen washin da Korau ya gada wurin kakansa ya faɗi ya tarwatse, ga shi an haihu a gidan Mai Gari. Tun kaka da kakanni gidansu ke yi wa jariran gidan nan askin suna. In aska ta ƙi ci, wanzamin wani gari za a kira, kuma Korau ya san ba za a sake nemansa ba.

Wata rana ya ce, "Nomau, je ka rafi ka samo mini dutse mai santsi kamar kumatun jariri." Nomau ya cika buhu, ya bi gidajen masu jego. Sai ya shafa dutse, ya shafa kumatun ɗan mutane, ya girgiza kai. A gida na ƙarshe da muciya aka rako shi har zaure.

Wata rana kuma Korau ya miƙa masa askarsa ya ce, "Ido ba ya zaɓen dutse. Ka wasa, ka gwada a gashi." Kafin la'asar rabin gemun Nomau ya tafi, akuyar maƙwabta ta dawo da hanya a gadon baya, jakin Sarkin Fawa kuwa ya kwana ba gezarsa. Askar dai tana nan jiya i yau.

Ana gobe suna, haƙurin Korau ya ƙare. "Fita ka ba ni wuri. Kada ka bar dutse ko ɗaya a garin nan ba ka goga masa askar nan ba."

"To, Yaya."

Bawan Allah ya fara da duwatsun murhu, ya bi na niƙa, ya bi na bakin rijiya. Da ya zo masallaci sai ya ga baƙin dutsen taimama a gefen ƙofa, wanda tafukan tsofaffi da majinyata suka shafe tun kafin a haifi liman. Ya ɗiga masa ruwan buta, ya durƙusa yana wasawa. Liman ya kama shi, ya aika a kira yayansa.

Korau ya zo kunya kamar ta kashe shi. Ya karɓi askar zai ba da haƙuri, sai ya tsaya. Ya ɗora ta a damtsensa, bai ko danna ba, gashi ya zube. Ya tsuguna ya shafa dutsen.

"Malam, wa ya gyara dutsen nan?"

Liman ya ce, "Ba wanda ya gyara shi. Hannun masu salla ne." Sannan ya ce, "Ba zai bar masallaci ba. Amma ƙofa a buɗe take, ka riƙa zuwa da askarka."

Da safe aka miƙo wa Korau jaririn Mai Gari yana barci. Ya yi bismilla, aska ta bi kan kamar ana shafa mai. Aka gama, aka mayar da shi hannun kakarsa, yaron bai ko farka ba. Korau ya juya baya, ya share ido da hannun riga.

Nomau ya taɓo shi. "Yaya, ba ni askar. Saura duwatsun bayan gari."