Ƙwallon da Ya Shekara Arba'in Yana Tafiya

Duk yankinmu na San Pedro babu masanin besbol, wasan dukan ƙwallo da sanda, irin Don Bienvenido Almánzar, Alƙalin Zamanai, Ma'aunin Damatsa. A shagon aski yake zaman shari'a, yana auna ƙarfin 'yan wasan da da na yanzu. Bai taɓa kuskure ba, domin hukuncinsa ɗaya ne kullum.

"Yaran yanzu? Injin motsa jiki ne ya kumbura su! Mu rake da rogo muka ci. Ranar da na jefa wa Cundo Peguero ƙwallo, jifar da ko aljani bai isa ya taɓa ba, ya maka shi har bayan katanga. Chepe yana cikin filin ranar, ku tambaye shi!"

Ni ne Chepe. Nakan gyaɗa kai, a miƙo min kofi.

Matsalarmu ɗaya, Wilkin, matashin da ke dukan ƙwallo kamar ya zagi uwarsa. Duk sanda ya yi dukan nesa, sai ƙwallon Cundo ya ƙara tafiya a bakin Don. Bara ya tsallake layin dogo. Bana ya faɗa bututun hayaƙin kamfanin sukari. Ni kuwa, shaidan zur mai furfura, ban fasa gyaɗa kai ba.

Da hukumar gari ta ce za a raɗa wa filinmu sunan wanda ya fi kowa ƙarfin duka, Don ya naɗa kansa shugaban kwamiti. Domin ya rufe bakin magoya bayan Wilkin, ya sa aka ɗauko Cundo daga New York. Ni dai na san ramin ƙarya ƙurarre ne.

Ranar taro Don ya yi jawabin awa guda cikin farar riga mai aljihu huɗu, sannan ya miƙa wa tsoho Cundo lasifika.

"Wane bututu?" in ji Cundo. "Haba Bienve, ƙwallon nan ko tashi sama bai yi ba! Ka lallaɓo min shi kamar mai miƙa wa jariri ayaba, na ɗan taɓa, ya gangara ya bi ta tsakanin ƙafafun Chepe, yana can yana kallon 'yan mata. Kafin ya tsinto na zagaye fili. Yaron nan Wilkin kuwa, ko sandarsa ban isa in ɗauka ba."

An yi dariya har da masu riƙe ciki. Wallahi na so ƙasa ta tsage in shige. Aka sa wa fili sunan Wilkin.

Washegari Don ya zauna a kujerarsa kamar ba a yi ba, ya gyara murya.

"Ni fa baya na ba ƙwallon, ban ga inda ya sauka ba. Alƙali da shaida yake aiki. Shekara arba'in Chepe yana yaudarata!"

Shagon duka ya juyo yana kallona. Ni kuma, saboda sabo, na gyaɗa kai.