Wando Mai Ɗan Danshi

Satina biyu a unguwar Kilomita Biyar ta birnin Bangui, na cire wandona daga igiya da ɗan danshinsa zan saka. Hajiya mai gidan da nake haya ta ce, "Ɗana, goge shi tukuna. Ƙudan Bangui a danshi yake yin ƙwai."

Na yi dariya, na saka abina. Ni da na taso a Maraɗi, inda wanki ke bushewa a jikin mutum, ƙuda ne zai tsorata ni?

Bayan mako guda sai ga maruru uku a mazaunaina. Likita ya matsa ɗaya, farar tsutsa ta leƙo tana motsi! Na rafka salatin da aka jiyo har Titin Koudoukou, babban titin unguwarmu.

Maƙwabcin shagona ne ya raka ni asibiti, bakinsa kuwa ba ya shiru. Har yau in na fito kasuwa, gaisuwar ɗaya ce: "Alhaji mai kiwo, ya garken?"