Yatsu Biyu a Ƙofar Fir'auna

Ba zan taɓa mantawa da ƙaramar Sallata ta farko a Kuala Lumpur ba, zamanin da kyamarar dijital ta fara shiga aljihun ɗalibai. Har yau in na tuna sai in ji kunnuwana sun ɗau zafi.

Jirgin da ya ɗauko ni daga Kano ya yada zango a Alƙahira. Iyakar sanina da Masar ke nan: kujerar ƙarfe a filin jirgi, da shayi mara sukari, da barcin da na sha baki buɗe, fasfo a cikin safa (umarnin Hajiyarmu ne, kada ku fara dariya tun yanzu). Amma da na sauka a Bukit Jalil, unguwar da makarantarmu take, sai wannan zaman jiran ya riƙa girma a bakina. Kowace hira aka ɗauko sai in ce, "Ai lokacin da nake Masar..."

Akwai wata Hafsa 'yar Zariya, mai karatun zanen gine-gine. Ina son ta ƙwarai, amma ban taɓa wuce sannu ba. Wata rana muna zaune a mamak, shagunan abincin nan da ɗalibai ke tarewa, ta buɗe wani littafi ta nuna mana hoton ƙofar wani tsohon ɗakin bautar Fir'aunoni. Bango biyu ne manya, masu faɗin gindi da tsukakken kai, ƙofa a tsakiya, ga gumaka zazzaune a gabanta.

Ta ce, "Assignment ɗina ke nan. Ina ma in gan ta da idona."

Bakina ya riga hankalina. Na ce, "Ai na je."

Ta ɗago ta dube ni. "Da gaske? Amma ai a Luxor take, can kudu. Da nisa fa daga Alƙahira."

"Tasi na ɗauka," na ce, ina juya cokali a kofi kamar abin bai dame ni ba. (Daga baya na ji cewa jirgin ƙasa ma kwana yake yi a hanyar.)

"To ka kawo min hoto mana."

Da muka koma gida na faɗa wa Bitrus, ɗan Jos da muke ɗaki ɗaya, halin da na jefa kaina. Ya ce, "Guy, je ka ce mata wasa kake yi." Na ƙi, don gani nake in ta gano ni, na rasa ta ke nan tun ban same ta ba. Sai na tuna da wani katafaren kanti a gefen gari wanda aka gina da siffar gine-ginen Fir'auna, da ginshiƙai da zane-zane da komai. Na ce Allah Ya kawo mafita.

Ranar Asabar muka je. Na naɗa gyale a kai, na ƙwama baƙin tabarau, na sa Bitrus ya durƙusa don kada motoci da allunan shaguna su fito. Na yamutsa fuska irin ta wanda ranar sahara ta gasa. Yana ɗauka yana ƙyaƙyatawa, yana cewa, "Kar ka juya! Tsaya haka, light ɗin ya yi!" Na ɗauka shigata ce ke ba shi dariya. Na leƙa hoton a ɗan gilashin kyamarar, wanda bai fi akwatin ashana ba, na ga ya yi zam.

Ranar Sallah, bayan an sauko Idi, muka taru a gidan Anti Maimuna, matar wani babban ɗalibi mai digiri na uku, wadda ta zame mana uwa a garin. Tuwon shinkafa ta yi da miyar kukar da aka aiko mata daga gida, falo ya cika, har da su Bitrus da ba sa wasa da tuwon Sallah. Ana cikin ci sai Hafsa ta ce, "Anti, a saka mana hoton Masar a talabijin mana, kowa ya gani."

Da farin ciki na miƙe, wallahi. Bitrus ya jona kyamarar, hotona ya cika fuskar talabijin. Na gyara murya na fara lacca. Na ba su labarin zafin rana, da raƙumin da ya kusa cizo na, da wani dattijo mai jagora da ya ce bai taɓa ganin baƙo mai tambayoyin hankali irina ba. Ina magana ina satar kallon Hafsa, na ga ta sunkuyar da kai, kafaɗunta na rawa. Na ce a raina, yarinya ta kamu.

Sai Anti Maimuna ta matso kusa da talabijin, ta ƙanƙance ido. "Wai wace ce waccan a bayanka?"

Bitrus, Allah Ya shirye shi, ya danna ya girmama wurin. Can gefen ginshiƙin Fir'auna, sai ga Hafsa tsaye da shuɗin mayafinta, ledar tapau, wato ƙunshin abincin saye, a hannu ɗaya, ɗaya hannun ta ɗaga yatsu biyu kamar yadda 'yan matan Malesiya ke yi a hoto, tana kallon kyamara tana murmushi.

Hafsa ta ɗago ta ce da salon maganar 'yan Malesiya, "Ni ma na je, lah. Tasi ɗaya muka hau, ba ka gan ni ba?"

Ban taɓa jin dariya irin ta ranar ba. Wani ya ƙware da tuwo, mijin Anti ya fita waje yana riƙe da ciki. Ashe sayayya ta je ranar, ta hango ni ina ta kwalisa da gyale, ta lallaɓo ta tsaya a bayana, Bitrus kuma ya gan ta ya yi gum. Ni dai na sulale baranda, ina roƙon ƙasa ta tsage, na ma manta a bene muke.

Can sai ga ta da kwanon tuwona da na bari. Ta ajiye ta ce, "Bamasare, ci abincinka." Sannan ta ƙara da cewa, "Da ka ce min ba ka je ba, ai da sai in ce Allah Ya kai mu tare." Daɗin da na ji a lokacin ya fi kunyar, kuma kunyar ba kaɗan ba ce.

Allah kuwa Ya kai mu tare, bayan aurenmu. Na tsaya gaban ainihin ƙofar a Luxor, na ɗaga kai har hulata ta faɗi, na kasa cewa uffan, ni da na taɓa yin lacca a kanta. Hafsa ta ɗauke ni hoto, na aika wa Bitrus da murna. Amsarsa ta zo nan take: "Ya yi kyau. A wane floor na kantin ne wannan?"

Tun daga nan ba na cewa na je inda ban je ba. Kuma ko hoton fasfo za a ɗauke ni, sai na waiga.